BABI NA UKU: SHARHI A KAN ASALIN SUNAYEN LALLE NA HAUSA DA NA KIMIYYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin sunaye biyu na tsiro ɗaya, wato sunan da Bahaushe ya san shi da shi, lalle, da kuma sunan da masana kimiyyar tsirrai suka laƙaba masa, Lawsonia inermis. Za a dubi inda kowane suna ya fito, da abin da yake nufi, sannan a auna shi da tsiron kamar yadda yake rayuwa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Dalilin yin haka shi ne wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin ɗalibai, cewa sunan Latin shi ne suna na gaskiya, na Hausa kuwa laƙabi ne kawai na mutanen ƙauye. Manufar babin ita ce a nuna cewa sunayen biyu duk tarihi suke ɗauke da shi, kuma kowanne yana da inda ya dace da inda ya gaza.

3.1 Tsiron da Matsayinsa a Yankin Nazari

Lalle ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa, wadda kan kai mita 2 zuwa 6 idan aka ƙyale ta. Ganyenta ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Furenta ƙarami ne ƙwarai, yana fitowa a dunƙule a ƙarshen reshe, kowane fure da kunnuwa huɗu, galibi fari, wani lokaci kuma ja-ja. Yana da ƙamshi mai ƙarfi, musamman da yamma. Saboda wannan ƙamshi ne ake dasa lalle a lambunan ado a Masar da Indiya da wasu ƙasashe masu zafi.

Yankin Funtuwa da Malumfashi, wanda ya faɗa cikin Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987, ya yi suna ne da noman auduga da masara da dawa. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, a kan irin waɗannan amfanin gona ya mayar da hankali. Lalle kuwa ya ci gaba da zama a inda aka saba ganinsa: bayan ɗaki, da gefen rijiya, da shingen garka, da ƴan kadadu da ake warewa don a yanki ganyen a shanya a kai kasuwa. Wannan bambanci tsakanin lallen da ake yanka a kai a kai da wanda ake bari ya tsufa a shinge yana da muhimmanci, kuma za a komo kansa a 3.2.2.

3.2 Sunan Kimiyya

Tsarin da ake bi wajen raɗa wa tsirrai suna da kalmomin Latin guda biyu, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus (1707–1778), shi ya daidaita shi a littafinsa Species Plantarum na 1753. Kalmar farko tana nuna dangin tsiro, ta biyu kuma tana nuna irinsa a cikin dangin. Za a ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

3.2.1 Lawsonia

Wannan kalma ba ta bayyana komai game da ganye ko fure ko launi. Sunan mutum ne. Isaac Lawson likita ne ɗan Sikotilan wanda ya yi karatu a Laidin ta ƙasar Holan, inda ya haɗu da Linnaeus. A 1735, lokacin da Linnaeus yake matashi maras abin hannu, Lawson da wani masani mai suna Gronovius su ne suka ɗauki nauyin buga littafinsa Systema Naturae. Sanya wa lalle sunan Lawson tukwici ne na wannan alheri.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan al'ada, domin shi ma yakan yi wa wanda ya kyautata masa takwara. Haka kuma a wannan yanki an san irin auduga da dawa da masara da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunaye masu farawa da "Sam", kamar Samcot da Samsorg da Sammaz, waɗanda ke nuni ga cibiyar da ta samar da su. To amma abin lura shi ne, Samaru ita ta ƙirƙiro irin da ke ɗauke da sunanta. Lawson kuwa ba shi ya gano lalle ba, domin mutanen Masar sun yi amfani da shi dubban shekaru kafin a haife shi. Ke nan rabin farko na sunan yana ba da tarihin abota tsakanin Turawa biyu ne a ƙarni na 18, ba tarihin tsiron ba.

Har ila yau, suna irin wannan yana saurin ɓata wa na baya lissafi. Wasu tsofaffin littattafan lambu na Ingila sun cakuɗa Isaac Lawson da wani John Lawson, mai safiyo da ya rubuta labarin tafiyarsa a Karolina ta Amurka a 1709, alhali mutane biyu ne daban. Da a ce sunan siffar tsiron ya bayyana, da mai shakka sai ya je gindin bishiya ya duba. Tun da sunan mutum ne, sai dai a koma ga takarda.

3.2.2 Inermis

Kalma ta biyu tana nufin "maras makami", wato a nan maras ƙaya. A nan ne babbar matsala take. Duk wanda ya taɓa kutsawa ta tsohon shingen lalle ya san cewa yana suka. Abin da ke faruwa shi ne, lalle yana tasowa da rassa masu laushi, amma idan ya manyanta sai ƙarshen ƙananan rassansa ya bushe ya taurare ya zama tsini kamar ƙaya. Wanda ake yanka a kai a kai don ganye yakan yi ta fitar da sabon toho, don haka ba kasafai yake kai wa ga wannan matsayi ba. Wanda aka bari a shinge kuwa yakan kai.

Linnaeus ya ɗauki wannan bambanci na shekaru a matsayin bambancin iri. Saboda haka a 1753 ya kawo sunaye biyu: Lawsonia inermis ga maras ƙaya, da Lawsonia spinosa ga mai ƙaya. Masanan da suka biyo baya sun tabbatar cewa tsiro ɗaya ne, kuma a yau an yarda cewa dangin Lawsonia iri ɗaya tak gare shi. Ba a kawo wannan don a rage wa Linnaeus daraja ba. Mutum ne da ya yi aiki a ƙasa mai sanyi, kuma yawancin tsirran ƙasashe masu zafi ya san su ne ta busassun rassa da zane-zane da bayanan matafiya. Reshe ɗaya da aka manna a takarda ba zai nuna yadda bishiya ke sauyawa cikin shekara goma ba. Manomin da ya dasa lalle da hannunsa, ya ga ƙuruciyarsa da tsufansa, bai taɓa ba shi suna biyu ba. A wannan gaɓa, sunan Hausa guda ɗaya ya fi na Latin guda biyu dacewa da gaskiyar tsiron.

3.2.3 Alba da Dokar Fifikon Suna

A ƙarshen ƙarni na 18 masanin Faransa, Lamarck, ya haɗe nau'o'in biyu a ƙarƙashin sabon suna, Lawsonia alba, wato "fari", bisa la'akari da launin furen. Wannan suna ya bazu, kuma ana cin karo da shi a littattafai da dama na ƙarni na 19 da farkon na 20. Sai dai shi ma bai tsira ba, saboda dalilai biyu. Na farko, ba kowane lalle ne ke da farin fure ba. Na biyu, wanda shi ne ya yanke hukunci, dokar raɗa wa tsirrai suna ta tanadi cewa sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida, daga 1753 zuwa gaba, shi ke da fifiko, ko da ma'anarsa ba ta dace ba. Da haka inermis ya tabbata.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, su kansu masana kimiyya ba su ɗauki sunan Latin a matsayin bayanin tsiro ba. Lamba ce ta shaida, kamar lambar mota, wadda amfaninta shi ne kowa a duniya ya san abu ɗaya ake nufi. Ɗalibin da ya fassara inermis ya rubuta cewa lalle ba shi da ƙaya, ya ɗora wa sunan nauyin da masu shi ba su ɗora masa ba.

3.3 Sunan Hausa

Kalmar lalle ta daɗe da shiga rubutu. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya kawo ta a A Hausa Botanical Vocabulary (1916), sannan a The Useful Plants of West Tropical Africa (1937). Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) su ma sun kawo ta. Gudummawar waɗannan ayyuka ita ce haɗa kalmar da tsiron da kuma al'adun da ke tattare da shi. Tambayar inda kalmar ta fito kuwa aikin masu nazarin aron kalmomi ce.

3.3.1 Ra'ayin da ke Danganta Kalmar da Larabci

Abu na farko da zai zo wa mai nazari a rai shi ne Larabci, domin amfani da lalle yana da alaƙa da Musulunci, kuma dattawa kan rina gemu da shi don koyi da sunna. Sunan tsiron da Larabci shi ne al-hinna, kuma daga nan ne Turanci ya ari nasa sunan. Bugu da ƙari, nazarce-nazarcen Greenberg (1947) da Hiskett (1965) sun nuna cewa kalmomin Larabci da yawa sun shigo Hausa tare da harafin "al" na farkonsu. Wani lokaci yakan zauna cikakke, kamar a alƙali da albasa da alkama da allura. Wani lokaci kuma "l" kaɗai ke saura, kamar a labari da lada da liman da littafi. Tun da lalle da "l" ta fara, sai a ga kamar ita ma cikin wannan rukuni take.

Idan aka duba da kyau za a ga wannan ra'ayi yana da rauni. A duk misalan da aka kawo, aƙalla wasu daga cikin baƙaƙen asalin kalmar Larabci suna nan a bayyane bayan "al" ko "l". A lalle kuwa babu "h", babu "n". Hausa ba ta da wahalar furta "h" ɗin Larabci, kamar yadda kalmar alhaji ta nuna. Da a ce kai tsaye aka aro kalmar daga bakin Larabawa ko daga littattafan malamai, da abin da za a sa ran ji shi ne wani abu mai kama da "alhinna". Rashin haka ya nuna cewa dole a nemi wata hanya.

3.3.2 Ra'ayin da ke Danganta Kalmar da Harshen Buzaye

Idan aka jera sunayen tsiron a harsunan maƙwabta, sai hanyar ta fito:

Harshen Buzaye: anella
Barbarci: nalle
Fulatanci: nalli
Hausa: lalle
Yarabanci: laali

Kamancin waɗannan kalmomi ya wuce a ce katari ne. Uku na farko suna da "n" a gaba da "ll" a tsakiya. Hausa ta mayar da "n" zuwa "l", wanda ba baƙon abu ba ne a harshen, domin haka ya faru ga kalmar lamba da aka aro daga Turanci, inda asalinta da "n" ta fara. A lalle ma sauyin ya fi sauƙi, saboda naso daga "ll" da ke biye. Siffar Yarabanci kuma, da yake da "l" ta fara, tana nuna cewa daga Hausa ta gangara kudu, ta hannun fatake.

Tarihi ya goyi bayan wannan. Malamin Andalus, al-Bakri, a littafinsa na 1068, ya ambaci itatuwan lalle masu yawan amfani a Audagust, birnin kasuwanci na bakin Sahara a ƙasar Muritaniya ta yau. Wato tsiron ya kafu a garuruwan ayari tun ƙarni na 11. Birnin Katsina kuwa ya daɗe yana hulɗar ciniki da Agadas da ƙasar Azbin, kuma ta hanyoyin da suka ratsa kudancin ƙasar Katsina ne kaya ke wucewa zuwa Zazzau da Nupe. Ba lalle kaɗai ya biyo wannan hanya ba. Kalmomi irin su raƙumi da ayari da takobi da takarda duk ana danganta su da harsunan dangin Buzanci, kuma Kossmann (2005) ya keɓe littafi guda a kan irin wannan aro. Ko da za a ce ita kanta anella tana da tushe a Larabci, ko kuma Barebari ne suka miƙo ta, hukuncin bai sauya ba: siffar da ta iso Hausa ta riga ta bi ta bakin mutanen Sahara da gefenta. Sunan lalle, a taƙaice, taswira ce ta hanyar fatauci.

3.3.3 Kalmomi Masu Kama da Ita

Ya kamata a yi hattara da kalmomin da suka yi kama da lalle a rubutu. Akwai lalle mai ma'anar tabbas, wadda ake kuma furtawa lallai, alhali ba a taɓa kiran tsiron "lallai". Akwai lale ta maraba da baƙo. Akwai kuma lallashi, wadda mai sauraro zai iya jingina ta da lallashin amarya ranar kamu, amma saiwarta tana da "s" wadda babu ita a sunan tsiron. Kamancin sauti kaɗai ba hujja ba ce a nazarin asalin kalma.

3.4 Fure, Fulawa da Abin da Sunan Hausa ya Bari

Sunan Hausa shi ma yana da inda bai kai ba. Kalma ɗaya ce take ɗauke da bishiyar, da garin ganyenta, da rinin da ke kama fata, da kuma bikin kansa. Idan aka ce yarinya ta shiga lalle, ko an sa ango a lalle, ba wanda zai tuna da bishiya. Littafin Baba of Karo (1954), wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, maƙwabciyar Funtuwa ta ɓangaren Zazzau, ya nuna yadda sa lalle yake a tsakiyar hidimar aure. Kewaye da ganyen akwai kalmomi irin su ƙunshi da zunguru. Furen kuwa ba shi da suna na kansa, sai dai a ce furen lalle, ko huren lalle a karin harshen Katsina. Larabci ya bambanta a nan, domin yana kiran furen fagiya, a Indiya kuma har turare ake tatsa daga gare shi.

Wannan ya yi daidai da wani ɓangare na ra'ayin Jack Goody a The Culture of Flowers (1993), cewa fure ba shi da babban matsayi a al'adun Afirka kudu da Sahara idan aka kwatanta da Asiya da Turai. Ita kanta kalmar fulawa, da ake kiran shuke-shuken ado na gidajen gwamnati da makarantu da ita, aro ce daga Turanci, har ta yi karo da fulawar burodi. Amma bai kamata a zarce da ra'ayin har a ce Bahaushe bai san ado da tsiro ba. Lalle ado ne tsantsa, domin ba a cinsa. Bambancin shi ne, Bature yana kallon adon a jikin bishiya, Bahaushe kuwa yana ɗauko shi ya sa a tafin hannu da ƙafa. Shi ya sa Lamarck ya dubi fure ya ce "fari", mace a Malumfashi kuwa idan aka tambaye ta launin lalle za ta ce ja.

3.5 Inda Sunan Kimiyya ya Yi Rana

Faɗin ma'anar kalmar lalle yana da haɗari guda. Abin da ke sa ganyen ya yi rini wani sinadari ne da masana suka kira lawsone, daga sunan Lawson ɗin nan dai, wanda ke kama fata da farce da gashi ya ba da launi ja zuwa ruwan ƙasa. Ba ya ba da baƙi. Abin da masu ƙunshi ke kira baƙin lalle ko dayis, sau da yawa rinin gashi ne na kanti mai ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda likitocin fata suka tabbatar yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje, har ya bar tabo. Da yake Hausa ta miƙa sunan lalle ga duk abin da ake zane da shi a fata, sai amincin da aka yi wa ganyen tun kaka da kakanni ya rufe wani abu da ba shi da dangantaka da shi. A nan sunan Latin, duk da kuskuren ma'anarsa, ya yi aikin da na Hausa ya kasa, domin Lawsonia inermis tsiro ɗaya yake nufi, ba ya miƙewa ya rufe wani abu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Lawsonia tukwici ne ga likitan da ya taimaka aka buga littafi a 1735, inermis kuma saura ne na kuskuren da aka yi a 1753, wanda dokar fifikon suna ta kare. An kuma ga cewa siffar kalmar lalle ta fi karkata ga harshen Buzaye fiye da aro kai tsaye daga Larabci, kuma ma'anarta ta rataya ne ga ganye da biki, ta bar fure. Bisa ga haka, ana ba da shawara ga masu rubuta littattafan kimiyya da aikin gona da Hausa su riƙa kawo sunayen biyu tare, su kuma bayyana wa ɗalibi cewa na Latin don tantancewa ne, kada ya fassara shi ya ɗauka siffar tsiro ce. Masu tsara ƙamus kuma ya kamata su raba ma'anonin lalle daki-daki, su fayyace cewa baƙin lalle ba daga wannan bishiya yake ba. A babi na gaba za a dubi sauran tsirran shinge da na ado na yankin a bisa wannan ma'auni.